Tulun Bahagwai Bakwai

Duk wanda ya zauna a unguwar Parione ta birnin Roma a wancan zamani ya san Mastro Gismondo, wato gwani Gismondo, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, don muryarsa ce ke riga shi fitowa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idonsa na dama a ƙanƙance saboda shekara talatin da ɗaya da ya yi yana leƙen allon jan ƙarfe. Mutane suna cewa masifaffe ne. Haka ne, masifaffen ne. Amma a fara jin abin da aka yi masa tukuna, sannan a yanke masa hukunci.

Sana'arsa yanka zane a kan jan ƙarfe. Zai ɗora allon a kan 'yar matashiyar fata, ya riƙa tura tsinken ƙarfe yana juya allon, har zane ya fito. In ya gama sai a shafa tawada, a goge, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a matse ta. Abin da yake yankawa kuwa tuluna ne kawai, tulunan Rumawan da, na farin dutse da na tagulla, irin waɗanda manoma ke tonowa a gonakin inabi. Maƙeran azurfa da masu zanen bango na ƙasashe masu nisa su ke sayen takardun, su je gida su kwaikwaya, su yi suna.

To amma kada wani ya ruɗe ku, babu tulun da ƙasa ke mayarwa lafiya. Wani ya zo babu wuya, wani babu gindi, wani kuwa guntun ciki ne kawai da rabin fuskar akuya. Wa ke saka musu wuyan? Wa ke ƙago mariƙin, ya naɗe shi da ganye, ya zaunar da tulun a kan ƙafar da ta dace da shi? Gismondo ne. Sai a rubuta a ƙasa cewa haka mutanen da can suka yi shi, masu saye su yi ta girgiza kai suna cewa an yi mutane, yanzu kam sai tarkace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma wannan gardin ya shekara dubu a kabari.

A ƙasan kowace takarda akwai gurbi uku, kuma duk ɗan sana'a ya san su kamar yatsunsa: wanda ya ƙago zanen, wanda ya yanka, da wanda ya buga yake sayarwa. Gismondo bai iya Latin ba, haruffa yake yankawa a juye kamar yadda yake yanka ganye, amma kalma ɗaya ya san ta da ido ko daga ƙofar shago: invenit, wato ya ƙago. Ya yanka ta a bayan sunayen mutane sun fi ɗari. Bai taɓa yanka ta a bayan nasa ba, kuma abin yana cin ransa fiye da yadda yake nunawa.

Mai shagon da yake yi wa aiki shi ne Messer Fulgenzio, wani mai taushin murya da taushin tafin hannu, wanda kowa a bakinsa “ɗan'uwana” ne. Wata shekara ya ƙudura zai fitar da jerin tuluna goma sha biyu. Aka samu goma sha ɗaya, na sha biyun ya gagara, ga shi maziyarta sun kusa cika gari don bikin Ista.

“Ni ina da na sha biyun,” in ji Gismondo.

“A gonar wa aka tono shi?”

Gismondo ya ƙwanƙwasa goshinsa da ƙotar tsinke. “A wannan gonar. Amma da sharaɗi. Kalmar nan za a sa a bayan sunana. Ba ‘ya yanka’ ba, ka san wadda nake nufi.”

“Haba ɗan'uwana, wannan ai ba abin sharaɗi ba ne,” in ji Fulgenzio, har da dafa shi. “Haƙƙinka ne. Ni zan rubuta maka layin da hannuna.”

Wata biyu ya yi a kan allon nan. Tulu ne dogo, mariƙansa macizai biyu da suka sarƙe suna leƙen cikinsa, a jikinsa kuma mutum bakwai sun jeru za su yi yanka: mai wuƙa, mai zuba ruwan inabi a wuta, mai jan sa, mai riƙe da gatari, sauran suna miƙa kwanuka. Ranar da ya gama, Fulgenzio ya kawo masa 'yar takarda mai layi ɗaya na Latin. Gismondo ya duba, ya ga sunansa, ya ga kalmarsa manne da shi, ya ga waɗansu kalmomi biyar a baya. Ya tambayi ma'anarsu, aka ce masa ado ne na masu ilimi. Ya yanka su duka da hannunsa, kuma bai taɓa yin haruffa masu kyau kamar na ranar ba.

Da aka zare takardar farko ya kai wa matarsa Orsolina, wadda ke sayar da dafaffen tumbi a bakin kasuwa, kuma ita kaɗai ce ba ta tsoron bakinsa. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallo.

“Kyau kam ya yi kyau,” ta ce. “Amma Maigida, su waɗannan 'yan gida ɗaya ne?”

“Me kika gani?”

“Na ga duk bahagwai ne. Ga wuƙa a hagu, ga gatari a hagu, har mai zuba wa gunkinsu abin sha da hagu yake ba shi. Ko gunkin ba shi da zuciya?”

Gismondo ya fizge takardar ya duba. Abin da ke kan allo a juye yake fita a takarda, wannan ko ɗan koyo ya sani. Shi ya sa duk tsawon shekarun nan yake kafa zanen wani a gaban madubi, ya yanka abin da madubin ya nuna masa. Amma wannan karon babu zanen kowa da zai kafa. Daga kansa ya sauke su kai tsaye, kowa da damansa, ya manta cewa kai ba ya shiga madubi. Kunya ta rufe shi har kunnensa ya yi ja. Ya ce da Orsolina in ta sake ta gaya wa wani sai ya ƙone tukunyarta, ita kuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ba wanda ya lura. Jerin ya fita, aka yi rububinsa, kuma na sha biyun nan shi ne amarya. Gismondo ya riƙa tafiya a titi ƙirji a gaba. Har ya rage faɗa, maƙwabta suka fara tambayar Orsolina ko ba shi da lafiya ne.

Ana nan sai ga Don Ippolito ya shigo shagon, wani malamin coci da ya ƙware a kan kayan mutanen da, wanda in ya ce dutse tsoho ne to ya tsufa ke nan. Ya nemi a nuna masa Gismondo, ya kama hannunsa biyu, idonsa har da ƙwalla.

“Allah ya yi maka albarka, Mastro. Ka yi sa'ar da ba kowa ke yi ba. Dubi macizan nan! Wa zai iya wannan a cikin masu rai? Babu! Ka gaya mini, da garma aka ci karo da shi, ko rami ka sa aka haƙa?”

“Rami kuma? Ranka ya daɗe, ni na ƙago shi. Ga shi nan a rubuce.”

Don Ippolito ya yi murmushin da ake yi wa wawa, ya sa yatsa a kan layin ya fassara masa dalla-dalla: “Gismondo ya tsinto shi a gonar inabi bayan ganuwar birni.” Ya ƙara da cewa ai kalmar fuska biyu gare ta. In ta tsaya ita kaɗai, ya ƙago ke nan. In aka bi ta da sunan wuri, ya tsinta ke nan.

Abin da ya faru a shagon nan bayan fitar malamin, har masu sayar da littattafai na ƙarshen layi sun ji shi.

“Munafuki! Annamimi! Da hannuna ka sa na yanka wuyana!”

“Sannu-sannu ɗan'uwana, mutane na ji.”

“Su ji! Kada ka ƙara ce mini ɗan'uwanka, uwata ba ta haifi maciji ba! Na roƙe ka kalma ɗaya, ɗaya tak, ka ba ni ita da ƙugiya a ciki!”

“To ban ba ka ba? Ga ta nan, baƙi a kan fari.” Fulgenzio ya buɗe hannuwa, ko a jikinsa. “Ka yi tunani mana. Wa zai taso daga wata ƙasa ya zo Roma don ya sayi tulun Gismondo mijin mai tumbi? Matattu ake zuwa gani. Ni gata na yi maka, na haɗa ka da manya.”

Gismondo ya ɗauki tukunyar tawada ya maka ta da bango. Tabon yana nan har aka rushe shagon.

Daga ranar bai da wata magana sai wannan. Ya faɗa a mashaya, ya faɗa a ƙofar coci, ya tare baƙi a titi yana nuna musu takardar yana dukan ƙirji. Da fari ana saurare, daga baya aka mayar da shi abin nishaɗi. In ya wuce sai wani ya ɗaga murya: “Mastro, babbar ganuwar nan ma kai ka ƙago ta, ko tsinta ka yi?” Ya koma aiki wajen Fulgenzio, don allon na Fulgenzio ne, ciki kuma ba ya jin zuciya, amma shekara biyu ba su gaisa ba.

Sai kuma aka ƙara masa gishiri a ciwo. Labari ya cika gari cewa an ga ainihin tulun, na dutse, wani attajiri ɗan birnin Jenowa ya saya ya kafa a lambunsa. Ga macizai, ga mutum bakwai, mariƙi ɗaya a karye, jikinsa ya yi ruwan ƙasa kamar haƙorin tsoho. Wanda ya kai wa attajirin kuwa Nardo ne, wani mai sassaƙar dutse da kowa a sana'ar ya san yana da rami a bayan bargar dawakinsa, inda sabon dutse ke kwana damina ɗaya cikin taki ya fito da shekara dubu. Yanzu Gismondo ya tashi daga mahaukaci ya koma maƙaryaci. Tulun da ya ce daga kansa ya fito, ga shi a tsaye ana zagaya shi.

“Ka bar su mana,” in ji Orsolina, ganin ya kwana biyu bai taɓa abinci ba. “Kai ka sani, ni na sani, Allah ya sani. Sauran su wane ne?”

“Ke kin sani don ke kika ga aibinsa.” Yana faɗin haka sai ya zuba mata ido. Can ya tambaye ta ko ta je ta ga na dutsen. Ta ce ta leƙa ta ƙofar lambun tare da mata. Ya ce da wane hannu mai wuƙar ke riƙe da wuƙa. Orsolina ta ajiye ludayi ta kama baki, don da hagu ta gani.

Ranar Lahadi bayan an fito coci attajirin ya buɗe lambunsa ga manyan gari, Don Ippolito zai yi bayani. Gismondo ya sa rigarsa ta biki, ya kutsa ba tare da an gayyace shi ba. Ya tarar malamin ya yi nisa, yana cewa a dubi yadda mutanen da can suka san jikin ɗan Adam, ba kamar 'yan kwaikwayon yau ba. Nardo na gefe yana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

“Ranka ya daɗe, tambaya gare ni,” in ji Gismondo, muryar nan tasa ta tsinka taron. “Ni jahili ne, a taimake ni. Rumawan nan naku, da wane hannu suke miƙa wa allolinsu hadaya?”

“Da dama mana. Wannan ai ko yaro ya sani.”

“Madalla. To ɗaga idonka. Mai wuƙa, hagu. Mai gatari, hagu. Mai zuba ruwan inabi, hagu. Ƙirga su, bakwai ne, babu na dama ko ɗaya. A wane gari aka taɓa tara bahagwai bakwai a yanka guda?”

Don Ippolito ya matsa kusa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya fara borin kunya, wai akwai wata hadaya ta allolin ƙarƙashin ƙasa da mai yiwuwa ake yi da hagu, zai bincika a littafi.

“Bincika a kaina, nan littafin yake! Kuskurena ne! Ni na yanka su a jan ƙarfe ban sa madubi ba, takarda ta juya su. Wannan ɓarawon kuma,” ya nuna Nardo, “takarda ya kalla ya sassaƙa, ya kwashe har da kashin da na yi. Dutse ba ya bi ta cikin abin bugu, ranka ya daɗe. In ka ga dutse a juye, to daga takarda aka haife shi!”

Bai ji daɗin faɗar wannan ba. Shekara talatin da uku yana tsare mutuncin hannunsa, yau ga shi a gaban manyan Roma yana shelar kuskuren da ko ɗan koyo za a mara a kansa, don shi kaɗai ne shaidar da yake da ita. Attajirin, wanda ba a yi masa wayo sau biyu, ya waiwaya zai yi wa Nardo magana, sai ya ga wurin da yake tsaye babu kowa. Kafin la'asar an ce an gan shi a kan alfadari ya nufi hanyar kudu.

Gari ya ɗauka. Waɗanda suka yi masa dariya su ne suka riƙa tare shi suna cewa dama su sun san gaskiya yake faɗa. Fulgenzio da kansa ya ɗauko allon ya ajiye masa a kan tebur, ya ce ya kankare kalmomi biyar ɗin nan, tunda yanzu sun zama abin kunya ga shago. Gismondo ya kankare su, ya daddale wurin, ya goge har ya yi santsi. Abin da ya rage sunansa ne da kalmarsa, su biyu, babu ƙugiya. Ya kai wa Orsolina sabuwar takardar, wannan karon ba ta yi dariya ba, ta soya masa hanta da albasa.

To, a nan ne raina ke ɓaci in na tuna. Tulun nan bai canza ba, ko ganye ɗaya bai ragu ba. Amma Don Ippolito, mutumin da ya yi ƙwalla a kansa, ya riƙa bi gida-gida yana cewa tun farko macizan sun yi masa kauri, wuyan ma bai zauna ba, aikin ɗan zamani ba ya ɓuya. Attajirin ya sa aka kai na dutsen barga, dawaki suna shan ruwa a ciki. Fulgenzio ya cire na sha biyun daga jerin, ya koma sayar da goma sha ɗaya, ya rataye na Gismondo shi kaɗai a igiyar bakin ƙofa. Rana ta dake shi, ƙuda suka yi masa ɗigo-ɗigo. Aka canza takarda sau uku, ba a sayi ko ɗaya ba.

Wata rana da hantsi, Gismondo na zaune a ƙofar shagon yana wasa tsinkensa, ga tari ya fara kama shi a shekarar, sai wani Bajamushe maƙerin azurfa ya tsaya. Dattijo ne, hannunsa duk tabon wuta, da gani ka san ɗan sana'a ne na gaske. Ya zaɓi goma sha ɗayan nan a ciki, zai fita sai idonsa ya faɗa kan wadda ke rataye. Ya tsaya cak. Ya cire ta daga igiya da yatsa biyu, ya kai ta haske, ya bi macizan da farcensa tun daga wutsiya har kai, yana wani gunaguni da harshensu. Gismondo ya daina wasa tsinken. Ya san irin wannan kallon, don shi ma haka yake kallon aikin da ya fi ƙarfinsa.

“Wannan ya fi duka,” in ji Bajamushen da gurguwar magana. “Me ya sa ba ya cikin jeri?” Sai ya sauke ido kan layin ƙasa, ya karanta a hankali. “Gismondo. Ban san shi ba. Na wane zamani ne? Yaushe ya mutu?”

“Bai mutu ba,” in ji Fulgenzio daga ciki. “Ga shi nan zaune kusa da ƙafarka.”

Mutumin ya dubi Gismondo, ya dubi takardar, ya sake duban Gismondo: gajeren tsoho mai tawada a farce, yana warin albasa. Ya ɗan yi murmushin ban haƙuri. Sannan ya miƙa masa takardar da hannu biyu, cikin ladabi, kamar wanda ya ɗauki kayan wani bisa kuskure.

“Yi haƙuri, Mastro. Masu ba ni aiki, kayan mutanen da can suke so.”

Gismondo ya karɓa. Duk layin aka kasa kunne ana jiran aradu ta faɗi, har Fulgenzio ya janye tukunyar tawada daga kan tebur. Amma muryar da ta fito ƙasa-ƙasa ce.

“Ka dawo baɗi,” ya ce. “Ina fama da tari, wataƙila ka dace.”

Bajamushen bai gane ba. Ya rusuna, ya yi godiya, ya ce in Allah ya yarda zai dawo, ya naɗe goma sha ɗayansa ya tafi. Gismondo ya miƙe, ya hure ƙurar da ke kan takardar, ya mayar da ita kan igiya.